Labarin Custer, Barden Amurka

A cikin mazajen da suka yi suna a yaƙin basasa na Amurka, kaɗan ne suka ɗaukaka da sauri kamar George Custer, kaɗan ne kuma suka yi mugun ƙarshe irin nasa. Mun ga ya kamata mu kawo labarinsa a nan, domin halin da ya ɗaukaka shi, shi ne ya kashe shi.

An haife shi a jihar Ohio cikin shekarar 1839. Ubansa maƙeri ne, ya kan taɓa noma kuma. A 1857 ya shiga West Point, watau makarantar da a ke koyar da hafsoshi. Ko da ya ke yana da kaifin hankali, wasa ya fi karatu yawa gare shi, har laifuffukan da aka rubuta masa suka haura 700. Da aka sallami ajinsu a watan Yuni 1861, su 34, shi ne na ƙarshe. Amma ya yi sa'a, gama a shekaran nan yaƙi ya tashi tsakanin jihohin Arewa da na Kudu a kan sha'anin bauta, ana neman hafsoshi ido rufe. Sai aka sa shi cikin sojan doki na Arewa.

Bai daɗe ba manya suka san da shi. A 1862 runduna ta iso bakin wani kogi, ana shakkar zurfinsa, sai Custer ya faɗa ciki ya gwada, ga abokan gāba a tsallake. Sabo da wannan Janar McClellan ya jawo shi kusa, ya ba shi muƙamin kyaftin.

A watan Nuwamba na shekaran nan ya tafi garin Monroe, wurin yayarsa. Can wurin wata walima ya gamu da Elizabeth Bacon, 'yar alƙalin garin, ita kaɗai ta rage wa uban cikin 'ya'yansa. Ya nuna yana so, amma alƙali ya ƙi. Ga shi ɗan maƙeri, ga shi soja wanda kullum ransa ke hannun Allah, kuma an taɓa ganinsa a buge a titin garin. To, tun daga ranar abin kunyan nan ya yi wa yayarsa alkawari ya bar giya, bai kuwa sake sha ba. Duk da haka aka hana su rubuta wa juna, sai ta hannun wata ƙawarta saƙo ya ke wucewa.

Custer ya koma fagen fama da abu biyu a ransa, suna da aure. Ran 29 ga Yuni 1863 aka naɗa shi janar, yana da shekara 23, aka ba shi rundunar dawakin Michigan. Ya kan fita da gashi har kafaɗa da jan ƙyalle a wuya, don mutanensa su riƙa hango shi a gaba. Bayan kwana huɗu, a babban yaƙin Gettysburg, ya ja su suka yi sukuwa kan dawakin Kudu waɗanda suka fi su yawa, suka tsai da su. Aka yabe shi ƙwarai, amma mu tuna mutum 257 rundunarsa ta yi hasara a wurin.

A Satumba ya sami rauni a ƙafa, aka ba shi hutu, ya nufi Monroe. Wanda dā aka raina, yanzu ya zama abin nuni a gari. Sannu a hankali alƙali ya sauko, aka ɗaura aure ran 9 ga Fabrairu 1864. Elizabeth ta bar daular gidan ubanta, ta riƙa bin mijinta daga sansani zuwa sansani. Sa'ad da Janar Lee na Kudu ya miƙa wuya a Afrilu 1865, Janar Sheridan ya sayi ɗan teburin da aka rubuta sharuɗɗa a kai, ya ba ta kyauta don girmama mijinta. Custer yana da shekara 25 a lokacin.

Da a nan labarin ya tsaya, da mun ce madalla. Amma da yaƙi ya ƙare aka rage sojoji, muƙaminsa ya koma ƙasa, aka tura shi yamma ya yaƙi mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa su ke ƙwace wa filaye. A 1867 ya bar wurin aikinsa ba da izini ba, ya tafi ganin matarsa, aka yi masa shari'a, aka dakatar da shi shekara guda. A 1868 ya yi wa wani ƙauyen kabilar Cheyenne sammako a bakin kogin Washita, har mata da yara suka mutu.

Ran 25 ga Yuni 1876 ya iske babban sansanin Lakota da Cheyenne a bakin kogin Little Bighorn. 'Yan leƙen asirinsa suka gargaɗe shi a kan yawansu, bai ji ba. Bai jira sauran runduna ba, ya rarraba mutanensa, ya kai hari kamar yadda ya saba. Mutanen nan kuwa iyalinsu da ƙasarsu su ke karewa. Suka kewaye shi, shi da mutum wajen 210 da ke tare da shi, ba wanda ya fita, har da ƙannensa biyu.

Elizabeth ba ta sake aure ba. Ta rubuta littattafai uku don kare sunansa, ta rasu a 1933.

Abin da muka gani a nan shi ne, Custer ya sami girma tun bai koyi haƙuri da jin shawara ba. Duk sa'ad da ya yi kasada ya ci, sai ya ƙara sakankancewa haka za a daɗe. Masu iya magana sun ce sauri ya kan haifi nawa. Wanda aka ba jagorancin mutane ya tuna ba ransa kaɗai ya ke kasada da shi ba. Allah ya ba mu ikon lura, amin.