Dorugu: Yaron Damagaram da ya riga ku zuwa Landan

Masu ɗora hotunan Landan a Instagram, ku sassauta. Wani yaro ɗan ƙasar Damagaram ya riga ku zuwa tun 1855. Sunansa Dorugu. Yana ƙarami aka kama shi bawa, wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi, daga baya ya zama yaron matafiyin nan Barth. Tare suka je Tumbutu, suka keta Sahara zuwa Tarabulus, sai jirgin ruwa zuwa Turai.

Ya ga Paris da Landan, ya leƙa Hamburg da Berlin. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya ƙura wa zaman Turawa ido, har tsarin cin abincinsu na dare, ya kwashe tsaf ya ba wani fasto, Schön, da Hausa, shi kuma yana rubutawa. Wato masu zuwa kallon mutane, su ma an samu mai kallonsu! Labarin ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885.

Ya dawo Afirka a 1864, ya yi tafinta, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, Kano. A Kano ya rasu a 1912.