Florence Nightingale, Uwar Masu Jiyya

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ya sani ba allura da ƙwaya kaɗai ke warkad da mutum ba. Akwai mai jiyyar da in ta tsaya a bakin gadonka sai hankalinka ya kwanta tun ba ta ba ka kome ba. Akwai kuma wadda in ta wuce sai ka ji ciwon ya ƙaru. Domin wannan muka ga ya kamata mu ba da labarin wata mace wadda ta koya wa masu jiyya yadda za su yi magana da mara lafiya, watau Florence Nightingale.

An haife ta ran 12 ga watan Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, sa'ad da iyayenta su ke baƙunci can, aka sa mata sunan garin. Mutanen Ingila ne, masu dukiya ƙwarai. Ubanta da kansa ya koya mata harsuna da tarihi, ta kuwa ƙware a lissafi. Ran 7 ga watan Fabrairu, 1837, tana da shekara 16, ta ji a ranta Allah ya kira ta ga hidimarsa, amma ba ta san ko wace irin hidima ce ba tukuna.

Da ta gane aikin jiyya ne, sai wahala ta soma. A zamanin nan ba a ɗauki jiyya a bakin kome ba a Ingila. Masu yinta ba su da horo, an kuma san da yawa daga cikinsu da shaye-shaye. A 1845 ta roƙi iyayenta su bar ta ta koyi aikin a asibitin Salisbury, suka ƙi ƙememe, gama a ganinsu abin kunya ne ga 'yar manyan mutane. Ta yi haƙuri shekara da shekaru, tana karatun labarin asibitoci ita kaɗai. Aka nemi aurenta, ta ƙi. Sai a 1851 ta sami zaman wajen wata uku a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus, inda Fasto Theodor Fliedner ya ke horad da mata masu hidimar ikkilisiya su lura da marasa lafiya. A 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a Landan.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna taimakon Turkiyya a kan Rasha. Labari ya zo gida cewa sojan da suka yi rauni suna mutuwa ba mai dubansu. Sidney Herbert, wanda ke riƙe da sha'anin yaƙi a gwamnati, ya roƙe ta ta tafi. Ta tashi ran 21 ga watan Oktoba da mata 38, suka sauka a Sukutari, ƙetaren ruwa daga Istambul, a farkon Nuwamba. Asibitin tsohon barikin soja ne, cike da ƙazanta da ɓeraye da ƙwarƙwata. Da fari likitoci ba su yi na'am da su ba, sai da masu rauni suka yi musu yawa.

Ta shirya wanki da girki, ta sayo riguna da sabulu. Da dare kuma ta kan ɗauki fitila ta bi gadaje, ta tsaya wurin wanda ya kasa barci, ta yi masa magana a hankali. Ta kan zauna da mai bakin mutuwa don kada ya cika shi kaɗai, sa'an nan ta rubuta wa uwarsa ko matarsa yadda ƙarshensa ya kasance. Ta kan karɓi kuɗin soja ta aika wa iyalinsu.

Amma sai mu faɗi gaskiya. A hunturun nan na fari soja fiye da 4,000 suka mutu a Sukutari, yawancinsu ba rauni ya kashe su ba, atuni ne da kwalara da zazzaɓi iri iri. Mutuwa ba ta ragu sosai ba sai bayan da gwamnati ta aiko da masu binciken tsabta a watan Maris, 1855, suka gyara magudanan ƙazanta, suka buɗe wa iska hanya. Bayan yaƙi, da ta zauna ta yi lissafin matattu, ta ga yawan ran da ƙazanta ta ci, abin ya dame ta ƙwarai, ta ba da sauran kwanakinta ga yaƙi da ƙazanta.

Ita ma zazzaɓi mai zafi ya kama ta a Kirimiya a 1855. Ta komo gida a 1856, ta yi shekaru da yawa galibi tana kwance. Nan ta ɗanɗana abin da mara lafiya ke sha a hannun masu dubiya. A 1859 ta rubuta ɗan littafi mai suna Notes on Nursing, ga kuwa kaɗan daga abin da ta koyar.

Ta hana yin raɗa a ɗakin mara lafiya ko a bakin ƙofarsa, gama zai kasa kunne, ya zaci maganar mutuwarsa a ke yi, tsoro ya gajiyad da shi. In yana da magana, mai jiyya ta zauna inda zai ga fuskarta ba sai ya juya wuya ba, kada ta nuna tana sauri, kada kuma ta yi masa magana daga baya ko daga nesa. In za ta fita, ta gaya masa sa'ad da za ta komo, domin jira da rashin sani sun fi aiki cin ƙarfin mutum. Kada a tashe shi daga barcin fari.

Ta kuma yi faɗa da masu dubiya waɗanda su kan ce wa mai ciwo mai tsanani ba kome, gobe zai tashi, kowa kuma ya kawo sunan nasa magani. Irin wannan daɗin baki ba ya ƙarfafa shi. Sai ya ga ba mai son jin abin da ke ransa, ya yi shiru, ya zama shi kaɗai a tsakiyar mutane. Gara a kawo masa labari mai daɗi na gaskiya, ko a kawo masa jariri ya gani.

Ga tambaya kuma, ta ce kada a tambaye shi ko ya kwana lafiya a tsaya nan, gama wanda ya yi barcin awa goma da wanda ya runtsa kaɗan duk amsa ɗaya za su bayar. A tambayi awa nawa ya yi barci, da wane lokaci. Mai jiyya ta koyi lura da ido, domin labarin zuciya a tambayi fuska.

Mutanen Ingila sun tara mata wajen fam 45,000. Da su aka buɗe makarantar masu jiyya a asibitin St Thomas a Landan a 1860, da ɗalibai 15. Waɗanda suka fita daga nan suka kai koyarwar ƙasashe da yawa. A 1907 aka ba ta lambar girma ta Order of Merit, ita ce mace ta fari da ta same ta. Ta rasu a Landan ran 13 ga watan Agusta, 1910, tana da shekara 90. Aka so a binne ta a Westminster tare da manyan ƙasa, danginta suka ƙi, aka kai ta ƙauyen East Wellow kusa da iyayenta. Ranar haihuwarta ita ce ranar masu jiyya ta duniya.

Ba dukanmu ne za mu yi aikin asibiti ba, amma ba wanda ba za ya je dubiya ba. In mun shiga, mu zauna, mu rage surutu, mu bar mara lafiya ya faɗi abin da ke damunsa, kada kuwa mu gaya masa abin da mun sani ba gaskiya ba ne.