Curt Flood: Ɗan wasan da ya ƙi yarda a yi musayarsa, ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka

A ranar 7 ga Oktoba, 1969, kulob ɗin St. Louis Cardinals, ɗaya daga cikin manyan kulob-kulob na wasan besbol a Amurka, ya ƙulla cinikin musayar 'yan wasa da takwaransa na Philadelphia Phillies. Mutum huɗu za su bar St. Louis, uku za su zo a madadinsu. Cikin huɗun akwai Curt Flood, mai shekara 31, wanda ya shafe kakar wasa goma sha biyu a kulob ɗin, ya ci kofin World Series sau biyu tare da shi, a 1964 da 1967. Babu wanda ya nemi shawararsa. Wani jami'in ofis ne ya buga masa waya ya shaida masa cewa an gama magana.

A lokacin wannan ba abin mamaki ba ne. Tun 1879 masu kulob-kulob suka ɓullo da wani tsari na riƙe 'yan wasa, wanda daga baya ya zama sharaɗi a cikin kowane kwantiragi: idan wa'adin shekara ya cika, kulob na da ikon sabunta shi ko da ɗan wasan bai amince ba. Masu kulob suka fassara sharaɗin da cewa sabuntawar ba ta da iyaka. Saboda haka wanda ya sa hannu tun yana saurayi ya zama na kulob ɗin har tsufansa, sai dai kulob ya sayar da shi, ko ya musanya shi, ko ya sallame shi. Ma'aikacin gwamnati da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki bagatatan ya san ɗacin abin, amma shi aƙalla yana iya ajiye aiki ya kai takardunsa wani wuri. Ɗan besbol ba shi da wannan ƙofa, domin duk kulob-kulob ɗin bakinsu ɗaya. Ko dai ya tafi inda aka tura shi, ko ya bar sana'ar.

An haifi Curtis Charles Flood a Houston ta jihar Texas ranar 18 ga Janairu, 1938, ya tashi a Oakland ta jihar Kalifoniya a gidan talakawa. Cincinnati Reds ne suka fara ɗaukarsa a 1956, suka tura shi ƙananan rukunoni a kudancin ƙasar don ya goge, da farko a Carolina ta Arewa, sannan a Savannah ta jihar Georgia. A can ya ga wariyar launin fata irin wadda bai saba da ita ba a gida. Ba ya cin abinci a inda abokan wasansa farare suke ci, ba ya kwana a masaukinsu, 'yan kallo kuma suna yi masa ruwan ashar daga kan benci. A ƙarshen 1957 Cincinnati suka miƙa shi ga St. Louis. Wannan karon bai ce uffan ba. Yaro ne mai shekara 19 da ke neman wurin tsayawa.

A St. Louis ya zama gwani. Aikinsa shi ne tsaron tsakiyar fili daga can baya, inda ake buƙatar mai gudu da ido, wanda zai hango inda ƙwallo za ta sauka tun tana sama ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Flood ba shi da tsawo ko jiki, amma shekara bakwai a jere, daga 1963 zuwa 1969, yana karɓar kyautar safar hannu ta zinare da ake bai wa waɗanda suka fi kowa iya tsaro. Ya taɓa buga wasa 226 a jere ba tare da an rubuta masa kuskure ko ɗaya ba. Sai ga shi kuskuren da aka fi tunawa da shi ya zo a ranar da ta fi kowace muhimmanci: a wasa na bakwai na World Series ta 1968, ya kasa ƙiyasta wata ƙwallo da Jim Northrup na Detroit Tigers ya buga, ta wuce ta kansa, Detroit suka ɗauki kofin. Bayan haka aka yi ta-in-sa tsakaninsa da kulob kan albashi. Ya nemi dala 100,000, aka tsaya a 90,000, dangantakarsa da mai kulob, attajirin kamfanin giya Gussie Busch, ta yi tsami. Shekara ɗaya bayan nan aka saka sunansa a jerin masu tafiya.

Flood ya je wurin Marvin Miller, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasan, ya ce zai kai ƙara. Miller bai ɓoye masa komai ba. Ya nuna masa cewa Kotun Ƙoli ta riga ta yi hukunci sau biyu, a 1922 da 1953, cewa dokokin hana babakere a kasuwanci ba su shafi besbol ba, cewa samun nasara abu ne mai wuyar gaske, kuma ko ya ci ko ya faɗi, da wuya wani kulob ya sake ba shi aiki ko da na koyarwa ne. Abin da Flood ya nemi sani shi ne ko 'yan baya za su amfana. Da aka ce masa za su amfana, ya ce ya isa. Wakilan 'yan wasa suka zauna a Puerto Rico a Disamba, suka amince ƙungiya ta biya kuɗin lauya, aka ɗauko Arthur Goldberg, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli. A jajiberin Kirsimeti, 24 ga Disamba, Flood ya rubuta wa kwamishinan wasan, Bowie Kuhn, gajeriyar wasiƙa yana mai cewa bayan shekara goma sha biyu bai ɗauki kansa kadarar da za a saya a sayar ba tare da yardarsa ba, yana kuma neman a sanar da sauran kulob-kulob cewa a shirye yake ya tattauna da kowa. Kuhn ya ƙi. A watan Janairun 1970 aka shigar da ƙara a New York.

A nan gardama ta ɓarke tsakanin masoya wasan, kuma ba ta yi wa Flood daɗi ba. Mafi ƙarancin albashin ɗan wasa a babban rukuni a lokacin dala 10,000 ne, shi kuwa yana karɓar ninki tara na haka, Philadelphia ma sun yi masa tayin ƙari. Da ya kwatanta halinsa da bauta a wata hira ta talabijin, yana mai nuni da cewa yawan kuɗin da ake biyan bawa ba ya 'yanta shi, marubutan wasanni da dama suka yi masa ca, suka kira shi butulu. Wasiƙun zagi da barazana suka yi ta zuwa masa. Masu kulob suka ce idan aka soke sharaɗin, attajiran kulob za su kwashe duk gwanaye, gasar ta mutu. Wannan hujjar ba ta banza ba ce gaba ɗaya, har yau ana jin ta duk lokacin da wani babban kulob ya zuba kuɗi. Raunin da ke cikinta shi ne, a ƙarƙashin wannan tsari da ake cewa yana daidaita ƙarfi ne New York Yankees suka yi shekaru suna mamaye gasar.

Abin da ya fi ci masa rai ya faru ne a zauren kotu. Jackie Robinson, wanda ya karya shingen wariya a babban rukuni a 1947, ya zo ya ba da shaida yana goyon bayansa duk da ciwon suga ya riga ya ci ƙarfinsa. Hank Greenberg ya zo, haka ma Bill Veeck, wanda ya taɓa mallakar kulob. Amma cikin 'yan wasan da ke kan ganiyarsu, waɗanda don su ake shari'ar, babu wanda ya tsaya ya ba da shaida dominsa. Kowa yana tsoron abincinsa.

Ya faɗi a kotun farko, ya faɗi a ta ɗaukaka ƙara. Kakar 1970 ta wuce bai taka fili ba. A 1971 Washington Senators suka ɗauke shi kan dala 110,000, amma jiki ya riga ya yi sanyi, ga bashi, ga shan giya da ya yi masa katutu. Bayan wasa 13 kacal ya tattara ya bar ƙasar, ya zauna a tsibirin Majorca na Sifen yana gudanar da mashaya. Yana ƙetare Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 19 ga Yuni, 1972, alƙalai biyar suka ƙi ƙararsa, uku suka goyi bayansa. Na tara, Lewis Powell, ya janye saboda yana da hannun jari a kamfanin da ya mallaki Cardinals. Hukuncin da Harry Blackmun ya rubuta abin al'ajabi ne: ya buɗe shi da yabon wasan da jerin sunayen tsofaffin gwanaye, ya amince cewa besbol kasuwanci ne tsakanin jihohi, ya amince cewa keɓe shi daga doka ya saɓa wa yadda aka yi da dambe da ƙwallon Amurka, sannan ya ce gyaran aikin majalisa ne.

Gyaran ya zo ta wata hanya. Shari'ar ta tilasta wa masu kulob zama da ƙungiyar ƙwadago da gaske, kuma a 1973 aka amince cewa wanda ya yi shekara goma a babban rukuni, biyar na ƙarshe a kulob ɗaya, yana da ikon ƙin musaya. Da wannan ƙa'ida tana nan a 1969, da Flood bai je kotu ba. A Disamban 1975 mai raba gardama Peter Seitz ya duba batun Andy Messersmith da Dave McNally, waɗanda suka buga kaka ba su sa hannu a sabon kwantiragi ba, ya yanke cewa sabuntawar ta shekara ɗaya ce tak. Yarjejeniyar 1976 ta bai wa duk wanda ya cika shekara shida 'yancin zaɓar kulob, albashi kuma ya tashi zuwa miliyoyi. Masu bin ƙwallon ƙafa ta Turai za su tuna cewa sai a 1995 hukuncin Bosman ya kawo musu makamancin wannan.

Flood bai ci ko sisin kwabo daga cikin wannan arziki ba. Ya koma Amurka hannu rabbana, ya yi shekara ɗaya yana sharhin wasannin Oakland Athletics a rediyo a 1978, ya daina shan giya daga baya, ya auri 'yar fim Judy Pace a 1986. Ciwon dajin maƙogwaro ya yi ajalinsa a Los Angeles ranar 20 ga Janairu, 1997, kwana biyu bayan ya cika shekara 59. A shekara ta gaba majalisar dokoki ta zartar da doka mai ɗauke da sunansa, wadda ta bai wa 'yan wasan babban rukuni kariyar dokokin hana babakere a harkar aikinsu, Shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu. Marvin Miller ya samu shiga zauren girmama gwarazan besbol da ke Cooperstown bayan mutuwarsa, haka ma Bowie Kuhn da ya ƙi wasiƙar. Masoya wasan suna ci gaba da muhawara a kan ko Flood ma ya cancanci wuri a can.