Josef Simit: Da Wace Tiya Za A Auna?

Ya mai karatu, ka taɓa yin mafarki, ko ka ji wani abu ya motsa cikin zuciyarka, har ka ce lalle Allah ne ya ke yi maka magana? Ga labarin wani mutum wanda ya kafa dukan ransa bisa irin wannan. Ka karanta a hankali, gama abin ya shafe ka.

An haifi Josef Simit a Amurka ran 23 ga Disamba 1805. Iyayensa talakawa ne, manoma. Tun yana yaro suka ƙaura zuwa wajen garin Palmira a jihar Nuyok. A zamanin nan masu wa'azi sun yi yawa a ƙasar, kowace ikilisiya tana jan mutane zuwa gefenta, har yaron ya ruɗe. Bisa ga faɗarsa, a shekara ta 1820 ya shiga kurmi ya yi addu'a, sai Allah Uba da Yesu suka bayyana gare shi, suka hana shi shiga kowace ikilisiya. Ba kowa tare da shi a wurin.

Daga baya ya ce wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa alluna na zinariya a binne cikin wani tudu. Waɗanda suka zauna tare da shi sun ce ya kan sa dutsen duba cikin hula, ya kifa fuskarsa a ciki, yana faɗa ana rubutawa. A 1830 aka buga Littafin Mormon guda 5,000, ran 6 ga Afrilu kuma ya kafa ikilisiyarsa. Mutum 11 suka shaida sun ga allunan, amma Simit ya ce mala'ikan ya koma da su. Saboda haka ba mai iya gwada fassarar da asalinta. To, ƙaƙa mutum zai san gaskiya ne? Littafin ya ce mai karatu ya yi addu'a, Ruhu zai tabbatar masa. Wato shaidar tana cikin zuciya.

Ba a yi wata shida ba sai ga wahala. Hiram Pej, ɗaya daga cikin shaidun nan 11, shi ma ya fara samun saƙo ta wurin nasa dutse, waɗansu manyan jama'ar kuwa suka gaskata shi. Sai Simit ya kawo wahayi cewa Shaiɗan ne ya ruɗi Pej, shi kaɗai kuma aka ba ikon karɓar umarni domin ikilisiya duka. Ka lura da wannan. Mutum biyu, kowa da dutsensa, kowa da tabbacin zuciyarsa. Wa zai raba gardama?

Littafi Mai Tsarki ma bai tsira ba. Daga 1830 zuwa 1833 Simit ya sāke ayoyi fiye da 3,000, ba tare da duba tsofaffin rubuce-rubucen Ibrananci ko Helenanci ba. A ƙarshen Farawa ya ƙara annabci a kan wani mai gani da zai zo, mai suna Yusufu kamar ubansa. Josef kuwa shi ne Yusufu, haka kuma sunan ubansa. A 1843 ya sa aka rubuta wahayi mai halatta auren mata da yawa. Shi kansa an ɗaura masa aure da mata 30 zuwa 40, kamar yadda ikilisiyarsa ta yarda a 2014. A 1890 shugabanta na lokacin ya ce Allah ya nuna masa a daina.

Mabiyansa sun sha tsanani ƙwarai, an kore su daga gari zuwa gari. A 1844, bayan ya sa aka farfasa maɗaba'ar wata jarida da ta tona zancen auren nan, aka tsare shi a kurkuku a jihar Ilinoi. Ran 27 ga Yuni taron mutane suka fāɗa wa kurkukun, suka harbe shi da wansa. Shekararsa 38. Wannan kisa mugunta ne, ba abin da ya halatta shi. Bayan mutuwarsa jama'ar ta rarrabu, har wani ya tashi ya ce shi ma mala'ika ya naɗa shi, ya kuma tono nasa alluna.

Yanzu dubi ɗaya gefen. A 1947 makiyaya suka sami tsofaffin littattafai cikin kogo kusa da Tekun Gishiri. Cikinsu akwai littafin Ishaya duka, rubutacce tun kafin haihuwar Almasihu. Masana suka gwada shi da wanda ke hannunmu. Bambancin da suka samu, yawancinsa na rubutun kalmomi ne, saƙon kuwa bai sāke ba. Dogon ƙarin da Simit ya yi wa Ishaya sura 29 ba ya ciki. Littafin nan yana Urushalima, kowa yana iya bincikensa.

Ɗan'uwa, in ka je sayen hatsi, ba ka yarda mai sayarwa ya auna maka da tafin hannunsa, kome kirkinsa. Sai ka ce a kawo tiya. Ruhu Mai Tsarki yana bi da masu bi, wannan gaskiya ne, amma ba ya musun abin da shi kansa ya sa aka rubuta. Yohanna ya gargaɗe mu mu gwada ruhohi. Bulus ya ce ko mala'ika ne ya kawo wata bishara dabam, kada a karɓa. An yabi mutanen Biriya domin sun gwada wa'azin Bulus kansa da Littattafai kowace rana.

In mafarki ya zo maka, ko wani ya ce Allah ya aiko shi gare ka, kada ka yi gaggawa. Buɗe Littafin, ka karanta tare da ƴan'uwa masu bi, ka auna. Ka fara yau da Bishara ta hannun Yohanna, ka roƙi Allah ya nuna maka Yesu Almasihu, wanda ya mutu domin zunubanka, ya kuma tashi.