Muhammadu Dikko: Sarkin Katsinan da aka zagaya da shi Ingila, ya dawo da abin da ya zaɓa

A tsakiyar shekarar 1921 wani jirgin ruwa da ya taso daga Legas ya tsaya a tashar Libaful da ke Ingila. Cikin fasinjojin da suka sauka har da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da rawaninsa da alkyabbarsa da 'yan rakiyarsa. Makka ya nufa don sauke farali, amma Turawan mulkin mallaka suka tsara masa ya bi ta ƙasarsu, suka haɗa shi da jami'in da zai yi masa jagora, suka kuma shirya wuraren da za a kai shi ya gani.

A yau kamfanonin shirya tafiye-tafiye kan haɗa wa mutum Umara da yawon buɗe ido a Dubai ko Alƙahira, da mota da masauki da ɗan jagora. Fiye da shekara 100 ke nan da aka yi wa Dikko irin wannan shiri, sai dai nasa akwai siyasa a ciki. Masu masaukinsa suna da abin da suke so ya gani, shi kuma yana da abin da ya je nema.

Daga Durbi zuwa gadon sarauta

An haifi Muhammadu Dikko a 1865. Basulluɓe ne, ɗan Durbin Katsina Giɗaɗo, kuma shi ma ya riƙe sarautar Durbi, wadda ke kula da ƙasar Mani. Ya tashi ne a zamanin da Katsina ba ta rabuwa da hare-hare daga Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Haɓe suka kafa mulki bayan jihadi. A irin wannan zamani doki da makami su ne abokan duk wani ɗan sarauta.

Gadon sarautar Katsina kuwa ba na gidansu ba ne. Tun lokacin Malam Ummarun Dallaje, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Dallazawa ne ke sarauta.

Zuwan Turawa ne ya canza lissafin. A 1903, bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka, Sarki Abubakar ya miƙa wuya ba tare da an yi yaƙi ba. Durbi Dikko na cikin waɗanda aka ɗora wa hidimar baƙin, irin su samo abinci da ma'aikata, kuma ya riƙa cika aikin a kan lokaci. Turawan suka sa masa ido.

Ba a daɗe ba suka tuɓe Abubakar, suka naɗa Yero. A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru a kusa da Sakkwato, shi ma Yero aka cire shi. Jami'in Turawa da ke Katsina a lokacin, Richmond Palmer, ya tsaya kai da fata sai an ba Dikko. Haka sarautar ta bar gidan Dallazawa ta koma na Sulluɓawa, inda take har yau.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai son fahimtar tafiye-tafiyen Dikko. Sarki ne da bai gaji gadon ba, kuma akwai manyan gari da ba su yi maraba da naɗinsa ba. Yana buƙatar goyon bayan Turawa, yana kuma buƙatar abin da zai ɗaga darajarsa a idon talakawansa da malamai. Tafiyar 1921 ta haɗa masa biyun a lokaci guda.

Me ya sa aka bi ta Ingila?

Tsohuwar hanyar alhazan ƙasar Hausa ta gabas take: a ratsa Barno, a wuce Wadai da Darfur, a tsallake kogin Nilu, a isa gaɓar Bahar Maliya. Tafiya ce ta ƙafa da jaki da raƙumi, wadda kan ɗauki shekaru. Wasu kan tsaya su yi noma a Sudan don neman guzuri, da yawa kuma can suka zauna har abada. Sarki mai ci ba zai iya barin gadonsa tsawon wannan lokaci ba.

Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya buɗe wata hanyar. Daga Kano zuwa Legas kwanaki ne kaɗan, daga Legas zuwa Libaful 'yan makonni a jirgin ruwa, sannan a bi ta Bahar Rum da mashigin Suwez zuwa Jidda. A taswira zagaye ne mai nisa, amma a lissafin kwanaki ita ce gajeruwa.

Su ma Turawan hanyar ta yi musu daɗi. An gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda Ingila ta yaƙi Daular Usmaniyya, kuma suna fargabar irin ra'ayoyin da alhazai ke kwasowa a Masar da Sudan da Hijaz. Idan babban sarki zai je Makka, sun fi son ya fara ganin ƙarfin Ingila da idonsa, kuma jami'insu na biye da shi.

Abin da aka nuna masa

Jadawalin ziyarar bai bambanta sosai da wanda ake shirya wa manyan baƙi daga ƙasashen da Ingila ke mulka ba: tashoshin jiragen ruwa, masana'antu, manyan kantuna, filayen wasa, da gine-ginen gwamnati a Landan. An kai shi gidan namun daji na Landan, wanda aka buɗe tun 1828, inda aka killace zakuna da giwaye irin waɗanda mafarautan ƙasarsa suka sani a daji.

Ƙololuwar ziyarar ita ce ganawa da Sarkin Ingila George na Biyar, wanda ya ba shi lambar girmamawa da aka keɓe don sarakunan Afirka. Daga baya kuma aka ƙara masa da lambar CBE. Ana kuma lissafa shi a matsayin sarkin Arewa na farko da ya shiga jirgin sama.

Saƙon da ke cikin jadawalin a fili yake. Mai jagora ne ke zaɓen ƙofar da za a buɗe da wadda za a wuce. A shekarar ta 1921 Ingila na fama da rashin aikin yi, masu haƙar kwal sun yi watanni suna takun saƙa da masu ma'adinai, ana kuma yaƙi a Ailan har zuwa watan Yuli. Ba don baƙo ya fahimci waɗannan matsaloli aka shirya ziyarar ba. An shirya ta ne don ya koma gida ya ba da labarin ƙasar da ba a ja da ita.

Shi ma mai kallon ya zama abin kallo. Jaridun Ingila sun riƙa bin sa, masu ɗaukar hoto da na majigi suna jiran sa a ƙofar masauki, jama'a na taruwa don ganin rawani da manyan riguna. Dikko bai sauya shigarsa don ya yi kama da masu masauki ba. Hotunansa na Landan sun nuna shi cikin cikakkiyar shigar sarauta, kamar yana zaman fada a Katsina.

Daga Ingila ya wuce Hijaz, wadda a lokacin ke hannun Sharif Husaini, ya yi aikin Hajji. Da haka ya sauke farali yana sarki mai ci, ya dawo kan gadonsa. Wanda masu adawa ke yi wa kallon naɗin Nasara ya dawo gida da sunan Alhaji.

Wembley: lokacin da aka baje ƙasarsa a kasuwa

Ya sake komawa Ingila a 1924, shekarar da aka buɗe gagarumin bikin baje kolin Daular Birtaniya a Wembley. An kawo kaya da mutane daga kusan duk ƙasashen da Ingila ke mulka, kuma kimanin mutum miliyan 27 ne suka shiga kallo a shekaru biyun da aka yi ana bikin.

Sashen Afirka ta Yamma an gina shi ne da siffar birni mai ganuwa, kwaikwayon biranen ƙasar Hausa. A ciki aka zaunar da masu sana'o'in hannu da aka ɗauko daga Najeriya da maƙwabtanta, suna saƙa da ƙira da dukanci, 'yan kallo na leƙen su.

Ba kowa ne wannan ya yi wa daɗi ba. Ɗaliban Afirka ta Yamma da ke karatu a Landan, cikinsu har da Ladipo Solanke, sun yi ƙorafi kan yadda wasu jaridu suka riƙa wulaƙanta 'yan Afirka a rahotannin bikin. Wannan ɓacin rai na cikin abin da ya kai ga kafa ƙungiyarsu ta WASU a 1925.

Ga sarkin da ya fito daga birni mai ganuwa ta gaskiya, da ƙofofi irin su Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da Ƙofar Durɓi, Wembley ta nuna masa wani abin da gidan namun daji da masana'antu ba su nuna ba, wato yadda masu mulkin ke kallon ƙasarsa: wurin samun gyaɗa da auduga da fatu, da mutanen da za a yi kallo.

A 1933 ya sake bi ta Ingila a tafiyar da ta haɗa da wani aikin Hajjin. A wannan karon Hijaz ta riga ta koma hannun Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud, wanda ya sanya wa ƙasar suna Saudiyya a 1932.

Tsarabar da ya zo da ita

Abin da ya fi fitowa fili shi ne wasan ƙwallon dawaki, wato folo. Hafsoshin Turawa na yin wasan a Najeriya tun kafin tafiyar, amma a tsakaninsu. Dikko, wanda ya tashi a kan doki, ya ga yadda ake yin sa a Ingila, ya dawo ya sa aka share fili a Katsina, ya sa 'ya'yansa da hakimai suka koya. Yaƙe-yaƙe sun ƙare, ga dawakai, ga mahaya, sai ya sama musu fagen da za su gwada bajinta.

Cikin 'yan shekaru mahayan Katsina suka fara doke waɗanda suka kawo wasan. Ɗansa Usman Nagogo ya zama ɗaya daga cikin 'yan folo mafi shahara da Najeriya ta taɓa yi, jikansa Janar Hassan Usman Katsina ya bi sahu, kuma har yau gasar folo ta Katsina na cikin manyan bukukuwan garin.

Ta fuskar ilimi, Kwalejin Katsina shiri ne na gwamnatin mulkin mallaka, kuma an fara shi ne kusan lokaci ɗaya da tafiyar farko. Gwamna Hugh Clifford ne ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922. Amma goyon bayan Sarki ne ya sa ta zauna lafiya a garin malamai, a lokacin da iyaye da yawa ke ɓoye 'ya'yansu daga karatun boko. A nan aka yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon gininta a Katsina yanzu gidan tarihi ne.

A wajajen 1930 kuma ya yarda aka buɗe makarantar 'yan mata, aka fara da 'ya'yan gidan sarauta, abin da sarakuna kaɗan ne suka yi gangancin taɓawa a lokacin.

Duk waɗannan abubuwa ne da ke ƙara wa gidan sarauta ƙarfi da ma'aikata masu ilimi. Majalisar dokokin da talaka ke zaɓa, wadda ita ma tana nan a Landan, ba ta cikin tsarabar, kuma masu jagorar ba su yi niyyar ta shiga ba. Haraji da aikin tilas sun ci gaba a zamaninsa kamar yadda suka ci gaba a sauran masarautu. Mai yabonsa da mai sukarsa duk suna da hujja a tarihinsa.

Hanyar da ya buɗe

Bayan ya share hanya, wasu suka bi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka kai irin wannan ziyara Ingila. A 1943 Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya je cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yayansa Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, shi ne ya rubuta tarihin rayuwar Dikko da Hausa. A 2022 kuma masanin tarihi Moses Ochonu ya fitar da littafin Emirs in London, wanda ya bi diddigin waɗannan tafiye-tafiye.

Muhammadu Dikko ya rasu a 1944 bayan shekara kusan 38 a kan mulki. Usman Nagogo ya gaje shi har zuwa 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har zuwa 2008, sai Sarki na yanzu Abdulmumini Kabir Usman. Babban filin wasa na Katsina sunansa yake ɗauke da shi.

Daular da ta shirya masa yawon don ya ga cewa ba ta da ranar ƙarewa ta sauke tutarta a Najeriya shekara 16 kacal bayan rasuwarsa, kuma ɗaliban kwalejin da aka kafa a garinsa na cikin waɗanda suka karɓi mulkin. Gidan sarautar da ya kafa, da filin folon da ya share, suna nan a Katsina.