Eduard Hitzig: Likitan da ya gano wurin da ƙwaƙwalwa ke ba da umarnin motsi

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki wataƙila ya ji likita yana cewa matsalar tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, alhali hannun dama ne ya daina aiki. Yau wannan sanannen abu ne a asibiti. Amma kafin shekarar 1870 yawancin masana ba su yarda cewa akwai wani keɓaɓɓen wuri a saman ƙwaƙwalwa da ke juya hannu ko ƙafa ba. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tabbatar da hakan shi ne wani likita Bajamushe, Eduard Hitzig.

An haife shi a birnin Balin a watan Fabrairun 1838. Mahaifinsa, Friedrich Hitzig, fitaccen mai zanen gine-gine ne. Shi kuwa ya karanci aikin likita a Balin da Wurzburg, ya kammala a 1862, sannan ya fara duba marasa lafiya a garinsu, inda ya fi karkata ga yin magani da lantarki, wanda ake yayi a lokacin.

Abin da idanu suka nuna masa

A wurin wannan aiki ne ya lura da wani abu. Idan ya ɗora wayoyin batir a bayan kunnuwan mutum ko a ƙeyarsa ya saki wuta kaɗan, sai idanun mutumin su motsa ba da son ransa ba, wani lokaci har da jiri. Ba a yanka fata ba, ba a fasa ƙoƙon kai ba.

Wannan ya saɓa wa abin da ake koyarwa. Tun zamanin masanin Faransa Pierre Flourens aka ɗauka cewa ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar da ke samanta, ba ya amsa lantarki, kuma duk sassansa aiki ɗaya suke yi. Daga baya an fahimci cewa sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki ne ke haddasa wancan motsin idanu. Ke nan alamar da Hitzig ya bi ba ta fito daga inda ya yi zato ba, amma ita ta sa shi tambayar da ta dace.

Gwaji a cikin gida

Ya fara gwadawa a kan zomaye, sannan ya haɗa kai da sa'arsa Gustav Fritsch, masanin tsarin jiki. Ba su samu wurin da ya dace a jami'a ba, don haka a gida suka yi aikin, a kan karnuka. Sukan buɗe ƙoƙon kan kare su taɓa saman ƙwaƙwalwarsa da siraran wayoyi biyu. Wutar da suke sakewa ba ta wuce wadda mutum zai ɗan ji a harshensa ba. An yi wasu daga cikin gwaje-gwajen ba tare da maganin kashe zafi ba, abin da dokokin bincike na yau ba za su lamunta ba.

Sakamakon ya fito fili. Idan suka taɓa wasu wurare a gaban ƙwaƙwalwar, tsoka takan motsa a ɗaya ɓarin jikin: an taɓa dama, hagu ya amsa. Sun ware wurare biyar da ke motsa wuya da ƙafar gaba da ƙafar baya da fuska. Bayan ƙwaƙwalwar kuwa bai haifar da motsi ba. Da suka cire ɗan yankin da ke kula da ƙafar gaba, karen ya ci gaba da tafiya, amma ba ya iya ajiye ƙafar daidai. Sun kuma lura cewa wayar da ke ɓangaren batir mai alamar + ta fi saurin tayar da motsi. A 1870 suka wallafa binciken.

Suna da rigima

A 1873 wani likitan Birtaniya, David Ferrier, ya faɗaɗa aikin a kan birai, ya zana taswira mai cikakken bayani. Hitzig ya ga kamar ba a ba su haƙƙinsu na waɗanda suka fara ba, aka yi ta musayar zafafan rubuce-rubuce. Dama an san shi da kaifin harshe da rashin sassauci.

A 1875 aka naɗa shi shugaban asibitin masu taɓin hankali na Burgholzli da ke Zurik a Suwizalan, kuma farfesa a jami'ar birnin. Zaman bai yi daɗi ba saboda saɓani da masu gudanar da asibitin, sai ya koma Halle a Jamus a 1879. A can ya jagoranci kafa asibitin jami'a na cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda aka buɗe gininsa a 1891. Ciwon suga ya ci idanunsa, ya ajiye aiki a 1903, ya rasu a watan Agustan 1907 yana da shekara 69.

Inda aikin ya kai a yau

Abin da Hitzig bai cimma ba shi ne motsa hannun mutum ta wannan yanki ba tare da buɗe kai ba. Sai a 1980 Patrick Merton da Bert Morton suka yi hakan a Landan da wuta mai ƙarfi ta saman fatar kai, sai dai tana da zafi. A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield suka yi amfani da maganaɗisu, wanda ya rage zafin sosai.

A shekarar 2000 kuma, Michael Nitsche da Walter Paulus na Jami'ar Gottingen suka nuna cewa wuta maras ƙarfi, kimanin miliamfiya 1, tana sauya yanayin wannan yanki idan aka bar ta na 'yan mintuna. Ba ta motsa hannu da kanta. Abin da take yi shi ne sa ƙwayoyin jijiya su fi saurin amsawa idan wayar + ce a kan wurin, ko su rage amsawa idan wayar − ce, kuma tasirin yakan ɗan jima bayan an kashe wutar.

Masu bincike na gwada wannan hanya tare da gashin ƙashi ga masu shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon ya bambanta daga mutum zuwa mutum, don haka har yanzu ba ta zama maganin da aka tabbatar ga kowa ba. Amma duk lokacin da aka ɗora waya a kan wani domin a taimaka wa hannunsa, ana neman yankin nan ne da Hitzig da Fritsch suka fara nunawa a 1870.