Taƙaitaccen Tarihin William Herschel, Makaɗin da Ya Koma Kallon Taurari

Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba rayuwar wani Bajamushe wanda ya soma da kiɗa, ya ƙare a matsayin ɗaya daga cikin manyan masana taurari na duniya. Za mu kuma ga yadda wani abu da ya hango a dare ɗaya ya jira shekara 133 kafin a gane halinsa.

Haihuwa da Tasowarsa

An haifi William Herschel ranar 15 ga Nuwamba, 1738 a birnin Hanover na ƙasar Jamus. Mahaifinsa mabushin badujalar soja ne, shi ma ya gaji sana'ar. A 1757 yaƙi da Faransa ya sa ya ƙaura zuwa Ingila. Can ya rayu da koyar da kiɗa, har a 1766 ya sami aikin kaɗa ogan a wani coci a garin Bath. A 1772 ya ɗauko ƙanwarsa Caroline daga Jamus, ta zama abokiyar aikinsa.

Daga Kiɗa zuwa Taurari

Herschel ya kai wajen shekara 35 kafin sha'awar taurari ta kama shi sosai. Bai yi jami'a ba, littattafai ya karanta ya koyar da kansa. Da ya ga madubin hangen nesa mai kyau ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya shiga ƙera nasa a gida. Yakan narka jan ƙarfe da kuza, ya zuba a mazubin da aka yi da kashin doki, sannan ya yi ta gogewa har ya yi sheƙi. Akwai ranar da ya yi awa 16 yana guga bai ɗaga hannu ba, sai Caroline ce ta riƙa ba shi abinci a baki.

Ranar 13 ga Maris, 1781, yana bayan gidansa, ya gano duniyar Uranus. Shekarar da ta biyo baya Sarki George na Uku ya yanka masa albashin fam 200 a shekara, sai ya ajiye kiɗa.

Gajimare Mai Sauya Kama

A 1783 ya kammala wani madubi mai tsawon ƙafa 20, ya fara bin sama sashe-sashe. Shi yana waje cikin sanyi yana faɗin abin da ya gani, Caroline tana rubutawa. Ranar 26 ga Disamba na shekarar, ya ga wani ɗan haske a gungun taurarin Monoceros, mai siffar mafici, da tauraro a tsininsa. Irin wannan shi ake kira nebula, wato gajimaren ƙura da iskar gas a sararin samaniya. Ya rubuta wurinsa da siffarsa, ya wuce zuwa na gaba. A yau lambarsa NGC 2261.

Wannan gajimare ba shi da hasken kansa. Tauraron da ke tsininsa, R Monocerotis, shi ke haskaka ƙurar, kamar yadda fitilar mota ke haska hazon hunturu. A 1916 wani ɗalibi Ba'amurke mai suna Edwin Hubble ya gwama hotunan da aka ɗauka a lokuta daban-daban, ya tarar siffar gajimaren tana sauyawa. Dalili kuwa shi ne, akwai dunƙulen ƙura masu yawo kusa da tauraron, su ke tare haske, inuwarsu ta faɗa kan gajimaren. Shi ya sa ake kiran gajimaren da sunan Hubble, alhali Herschel ne ya fara ganinsa. A Janairun 1949 shi ne abu na farko da aka ɗauki hotonsa da katafaren madubin Palomar mai faɗin inci 200. Har yau masu kallon taurari don sha'awa, waɗanda ke da babban madubi, sukan bi shi wata da watanni su ga sauyin.

Ƙarshen Rayuwarsa

Herschel da Caroline sun tattara gajimarai da tarin taurari kimanin 2,500 a jerin da ya fitar a 1786, 1789 da 1802. A 1789 ya gama madubi mai ƙafa 40 a garin Slough, a 1800 kuma ya gano haske mai ɗumi da ido ba ya gani, wanda ke gaba da launin ja. Ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1822.

Kammalawa

Herschel ya mutu bai san gajimaren nan yana sauyawa ba. Amma da yake ya rubuta abin da idonsa ya gani daidai, bai ƙara gishiri ba, na bayansa sun san inda za su duba. Mu ɗaliban harshe da ake turawa kasuwa da unguwa mu rubuta yadda mutane ke magana, irin aikin ke nan a hannunmu.